Spectacle da spectacular: kalmomin Turanci da ido kaɗai suka sani

Mai karanta jaridun Turanci yakan ci karo da kalmar *spectacular* sau biyu a rana guda, a shafuka biyu da ba abin da ya haɗa su. A shafin wasanni a ce wani ɗan ƙwallo ya ci *spectacular goal*. A shafin kasuwanci kuma a ce wani banki ya yi *spectacular collapse*, wato ya durƙushe, dukiyar jama'a ta salwanta. Wanda aka koya wa a makaranta cewa kalmar na nufin "ƙayatacce" ko "mai ban sha'awa" zai gane ta farko, ta biyun kuwa sai ta ɗaure masa kai, don ina abin sha'awa a bankin da ya tafi da kuɗin marayu? Matsalar daga fassarar da aka ba shi take, ragaggiya ce. Kalmar ba ta yanke hukunci kan kyau ko muni. Abu ɗaya take aunawa, shi ne yadda lamari ya kama ido har mutane suka ajiye abin da suke yi suka tsaya kallo.

Uwar kalmar ita ce *spectacle*, wadda suna ce, *spectacular* kuma sifa ce da aka ciro daga jikinta daga baya. Dukkansu daga harshen Latin suka fito, daga aikatau *spectare*, wato kallo, irin kallon da ake zura ido a daɗe ana yi. Zuriyar wannan tushe tana da yawa a Turanci. *Spectator* ɗan kallo ne. *Inspect* shi ne a leƙa cikin abu a bincika, kuma daga *inspector* muka sami "sufeto" da muke kiran jami'in 'yan sanda da shi, ke nan mu ma muna da ɗan gidan a bakinmu. *Respect*, girmamawa, asalinta waiwaye ne, a sake duban mutum karo na biyu. *Suspect* kallo ne daga ƙasa-ƙasa, irin na zargi. Har *spectre*, fatalwa, 'yar gidan ce, domin ita abu ce da ke bayyana ga ido.

Sai dai tushen kalma kaɗai ba ya bayyana nauyin da take ɗauke da shi. Don a gane wannan sai an leƙa tsohuwar daular Rum, inda *spectaculum* ke nufin wasannin da masu mulki ke shirya wa jama'a kyauta: tseren keken doki, farautar namun daji a cikin fage, da faɗan mayaƙan da aka horar, akasarinsu bayi da fursunonin yaƙi, waɗanda sau da yawa ba a tashi sai jini ya zuba. A garin Pompeii akwai wani fagen dutse da aka gina wajen shekara ta 70 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma rubutun da magina suka bari a jikinsa ya kira ginin da kansa *spectacula*, wato wurin zaman kallo. Babban fagen birnin Rum, Colosseum, wanda ke ɗaukar mutum wajen 50,000, an buɗe shi a shekara ta 80 miladiyya a zamanin sarki Titus, aka yi kwana 100 ana wasanni. Marubucin tarihi Cassius Dio ya ce dabbobi 9,000 aka kashe a wannan buɗewa. Shi ne kuma ya ruwaito cewa da sarki Trajan ya ci yaƙin Dacia, ya shirya wasanni na kwana 123, inda aka kashe dabbobi 11,000, mayaƙa 10,000 kuma suka gwabza. Ko da marubutan da sun ɗan ƙara gishiri, girman abin ba ya ɓuya.

Abin lura a nan shi ne tsarin yinin. Da safe farauta, da yamma faɗan mayaƙa, da tsakar rana kuwa lokacin kashe waɗanda aka yanke wa hukunci ne, wasu a jefa wa namun daji, jama'a na zaune suna kallo. Duka ukun suna ɗaya ake kiransu da shi. Bajinta da ƙasƙanci, alfahari da azaba, a fage ɗaya suke, a gaban idanu ɗaya. Mawaƙin zambo Juvenal ya yi wa mutanen Rum gori cewa sun sallama 'yancinsu, ba abin da ya dame su sai gurasa da wasanni. Wajen shekara ta 200 kuma Tertullian, malamin Kirista na birnin Carthage, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta littafi sukutum mai suna *De Spectaculis* yana hana mabiya addininsa zuwa waɗannan wurare. Ke nan tun kafin a san da wani harshe wai shi Turanci, kalmar tana tafe da fuska biyu.

Da fuskokin nan biyu ta shiga Turanci a ƙarni na 14, ta hanyar tsohon Faransanci. Fuska ta farko ita ce ta gagarumin taro mai ɗaukar ido: naɗin sarauta, faretin soja, wasan wuta a sararin sama. Ta biyu ita ce ta mutumin da aka tsayar a bainar jama'a ana kallon wulaƙancinsa. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci ta 1611, wadda aka yi a zamanin Sarki James, inda Bulus ke gaya wa Korintiyawa cewa an mai da manzanni abin kallo ga duniya kamar waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, kalmar *spectacle* aka sa. Ingila kanta ta daɗe tana rataye masu laifi a fili, mutane na tururuwa kamar ranar kasuwa, sai a 1868 aka daina. Mu ma ba sai mun je nesa ba. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin soja ta kafa dokar harbe 'yan fashi da makami, aka riƙa ɗaure su a bakin teku a Bar Beach da ke Legas ana harbewa, dubban mutane na kallo, kamar yadda aka yi wa Ishola Oyenusi a watan Satumban 1971. Baturen da ya kira wannan *a grim spectacle* bai yi kuskuren kalma ba, kuma ba yabo ya yi ba.

Daga wannan fuska ta biyu ce salon maganar nan *to make a spectacle of oneself* ya fito. Ana faɗinsa ga wanda ya bugu a wurin biki ya kama tambele, ko wadda ta tsaya a tsakiyar titi tana zage-zage har aka kewaye ta. Hausa ba ta sha wahala a nan, domin muna cewa wane ya mai da kansa abin kallo, ko uwa ta ce wa ɗanta kada ka tara mini jama'a. "Abin kallo" ɗinmu ma fuska biyu gare shi. In aka ce hawan bana ya zama abin kallo, yabo ne. In aka ce ya zama abin kallo a unguwa, to a taya shi da addu'a. A wajen suna, wato *spectacle*, wannan ita ce fassarar da ta fi kusa, kuma da wuya ta ba mutum kunya.

Akwai wata ma'ana ta gefe da ke rikita ɗalibai. In aka ƙara harafin *s* aka ce *spectacles*, ko *a pair of spectacles*, to tabarau ake nufi, wanda a taƙaice ake cewa *specs*. An ƙirƙiro tabarau a Italiya a ƙarshen ƙarni na 13, kuma kafin mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer ya rasu a 1400 har ya riga ya yi amfani da kalmar a wannan ma'ana, inda ya kwatanta talauci da gilashin da mutum ke hango abokansa na gaskiya ta cikinsa. A nan kalmar ta juya daga abin da ake kallo zuwa abin da ake kallo da shi. Yau *glasses* ta fi yawa a baki, *spectacles* ta zama ta dattawa da ta masu gwajin ido. 'Yan wasan kurket ma suna da nasu barkwancin: ɗan wasan da ya fita da sifili a zagaye biyu na wasa ɗaya sai a ce ya sami tabarau, saboda sifili biyu a jere kama suke da shi.

Sifar, wato *spectacular*, ba ta bayyana ba sai ƙarshen ƙarni na 17, kuma a farko ma'anarta a tsuke take: abin da ya shafi wasan kallo. A hankali ta faɗaɗa ta koma duk abin da ya bugi ido da ƙarfi. A yau ita ce aka fi ji, kuma fagen ƙwallo ne wurin da ya fi saukin nuna yadda take aiki. Ƙwallon da Sunday Oliseh ya ɗirka wa Sifaniya daga wajen da'ira a gasar cin kofin duniya ta 1998, wadda ta ba Najeriya nasarar 3 da 2 a birnin Nantes, ita ce irin wadda ake kira *spectacular*. Haka wadda Cristiano Ronaldo ya ci Juventus a Turin a watan Afrilun 2018, da ya tashi sama ya juya baya ya buga ta kan kansa, har magoya bayan Juventus suka miƙe suna tafa masa alhali su aka ci. Amma ƙwallon da ɗan wasa ya tura da gefen ƙafa daga taku biyu, ko ta bugun fenareti, ba mai kiranta haka, ko da ita ce ta kawo kofi. A allon sakamako duka ɗaya ne, kowace maki guda. Bambancin a idon ɗan kallo yake. Shi ya sa masu horar da masu tsaron gida sukan ce golan da ya iya tsayuwa ba ya yawan yin tsalle-tsallen da ake nunawa a talabijin, domin ƙwallon a hannunsa take samunsa, wanda kuma ke yawan shawagi a iska wani lokaci gyara kuskuren tsayuwarsa yake yi.

Da zarar an riƙe wannan, ɗaya fuskar ba ta da wuyar ganewa. Ranar 8 ga Yulin 2014 Jamus ta lallasa Brazil da ci 7 da 1 a gidanta, a wasan kusa da na ƙarshe, ƙwallo biyar a cikin rabin sa'ar farko. Wannan ita ce *spectacular defeat*. An sha cin Brazil a tarihi, amma wannan kayen duniya ta bar komai ta zuba masa ido, irin abin nan da Bahaushe ke cewa kallo ya koma sama. Rushewar kamfanin makamashi na Enron a 2001, da ta bankin Lehman Brothers a watan Satumban 2008, da ta kasuwar kuɗin intanet ta FTX a Nuwamban 2022, duk irin wannan suna ake ba su. Sharaɗin shi ne faɗuwar ta kasance daga sama, cikin gaggawa, a idon kowa. Shagon da ciniki ya riƙa ja baya shekara da shekaru har mai shi ya rufe ya koma ƙauye ya faɗi, amma faɗuwarsa ba ta cika wannan sharaɗi ba. Akwai kuma bayanau *spectacularly*, wanda Turawan Ingila ke son haɗawa da munanan kalmomi don ba'a. In aka ce hasashen wane ya kasance *spectacularly wrong*, ana nufin ya kauce wa gaskiya ta yadda har kuskuren ya zama abin nunawa.

Wuri mafi haɗari ga mai fassara shi ne labarin tashin hankali. A shekarun rikicin Ireland ta Arewa, manyan hare-haren bam da ƙungiyar IRA, mai yaƙi da mulkin Birtaniya a yankin, ke kaiwa, irin wanda aka kai otal ɗin Brighton a 1984 lokacin taron jam'iyyar Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, Margaret Thatcher, ko wanda ya ragargaza unguwar bankuna ta Bishopsgate a Landan a 1993, ana kiransu *spectaculars* a bakin 'yan jarida da jami'an tsaro. Har yau masu nazarin ta'addanci suna cewa *spectacular attack* ga harin da aka tsara shi musamman don ya cika allon talabijin. Mai fassarar da ya yi sauri ya rubuta "ƙayataccen hari" ya jawo wa kansa magana, domin ya sa yabo a inda marubucin asali bai sa ba. Abin da ya dace shi ne "gagarumin hari", ko a buɗe zancen a ce harin da aka shirya don ya ja hankalin duniya.

"Gagarumi" na da amfani a nan saboda ita ma ba ta ɗaukar ɓangare: muna cewa gagarumin biki, muna cewa gagarumar gobara. Raunin da take da shi shi ne girma take aunawa, ba ɗaukar ido ba. "Ƙasaitacce" ta dace da taron sarauta da bikin masu hali, amma ba ta zama a kan asara. "Ƙayatacce" ta ado ce da tsari. Ga ƙwallo, "ta gani ta faɗa" ko "mai ban mamaki" sun fi. Ga kaye, "mummunan kaye" ko "faɗuwar baƙar tasa". Ga tsauni ko faɗuwar rana, inda Bature zai ce *spectacular view*, sai mu ce wuri mai ban sha'awa, a nan fassarar makaranta ta yi daidai. Kalmar Hausa guda ɗaya ba za ta bi ta Turancin duk inda ta shiga ba, kuma ba aibi ba ne, sai dai mai fassara ya duba abin da ake sifantawa kafin ya zaɓa.

Makwabtanta a Turanci ma kowace da inda ta dosa. *Impressive* tana magana ne kan tasirin da abu ya bari a zuciya, don haka ana iya faɗinta ga haƙurin mutum ko zurfin karatunsa, abubuwan da ba a gani da ido. *Magnificent* da *splendid* yabo ne zalla. *Pageant* jerin gwano ne na ado, *pomp* kuwa alfarmar sarauta ce da tsarinta. *Extravaganza*, wadda aka aro daga Italiyanci, tana ɗauke da ƙamshin almubazzaranci. A wajen furuci kuma, *spectacle* a gaɓar farko ake danna ta, *spectacular* a ta biyu.

'Yan kasuwa ba su bar kalmar ta huta ba. A Amurka, manyan allunan talla masu walƙiya da ke dandalin Times Square a New York sunansu ke nan a bakin masu sana'ar, *spectaculars*. Mafi shahara a cikinsu shi ne na tabar Camel, wanda daga farkon shekarun 1940 har zuwa 1966 yake busa zoben tururi daga bakin hoton wani mutum, kamar mai shan taba. A 1954 shugaban gidan talabijin na NBC, Sylvester Weaver, ya fito da wasu shirye-shirye masu tsada, na minti 90, masu launi a lokacin da akasarin akwatunan gidaje baƙi da fari ne, ya sa musu wannan suna. Na farkon da aka nuna a watan Satumba na shekarar bai karɓu ba, masu sharhi suka yi masa ca. Daga baya gidajen talabijin suka koma kiran irinsu *specials*, suna mai sauƙin cikawa. Wanda ya yi wa hajarsa kirari da *spectacular* tun kafin a gani ya ɗaukar wa kansa bashi. Yau kuwa yawan amfani ya sa kalmar ta yi laushi a talla, kowane rangwamen kanti da kowane gidan haya mai taga biyu sai a liƙa masa ita. Shawarata ga mai rubutu da Turanci ita ce ya yi mata rowa. In abin bai kai a tsaya kallo ba, *good* ko *fine* sun wadatar.

Masana sun daɗe suna zargin abin da ke ɗaukar ido. Aristotle, masanin tsohuwar Girka, da yake rarraba sassan wasan kwaikwayo na ban tausayi gida shida, ya ambaci abin da ido ke gani a dandali, kaya da ado da kayan aiki, wanda masu fassara zuwa Turanci suka saba kira *spectacle*. Ya yarda yana motsa zuciya, amma ya sa shi a ƙarshen sahu, ya ce ya fi zama aikin mai shirya dandali a kan na mawallafi, domin labari mai ƙarfi yana girgiza mutum ko da karanta shi aka yi. Masu sharhin fina-finai na yau a kan wannan layi suke in suka ce fim *all spectacle* ne, wato fashe-fashe da tsalle-tsalle sun cika shi, labari babu. A 1967 Bafaranshe Guy Debord ya kai zancen nesa a littafinsa *La Société du spectacle*, inda ya ce zamani ya kai matsayin da mutane ke hulɗa da juna ta hanyar hotuna, rayuwa ta koma abin da ake nunawa maimakon abin da ake yi. Ya rubuta wannan ana zamanin talabijin da allon talla, babu Instagram babu TikTok. Daga wajensa ne 'yan jami'a da masu sharhin siyasa suka ɗauki kalmar da ma'ana ta uku, ta zargi: in suka ce taron siyasa *mere spectacle* ne, suna nufin an shirya shi don kyamara, ba a tsinana komai ba.

Bikin buɗe gasar Olympics ta Beijing, ranar 8 ga Agustan 2008, ya haɗa ma'anonin nan a dare ɗaya. Mai shirya fina-finai Zhang Yimou ne ya tsara shi, aka fara da makaɗa 2,008 suna dukan ganga a tare kamar mutum guda, kuma da wuya a sami wanda ya kalla bai jinjina ba. Bayan 'yan kwanaki sai ta fito cewa hoton sawun ƙafa na wasan wuta da aka nuna a talabijin yana ratsa birnin, akasarinsa da kwamfuta aka haɗa shi tun kafin ranar, kuma yarinyar da aka gani tana rera waƙa ba muryarta aka ji ba, ta wata yarinya ce da aka ga ba ta dace da kyamara ba. Waɗanda suka yaba da waɗanda suka kushe, kalma ɗaya suka yi amfani da ita.

Wannan ya kawo mu gida, domin akwai abu namu da kusan duk Baturen da ya rubuta a kansa sai ya kira shi *spectacle*, wato hawan sallah. Sunan da suke kiransa da shi ma, *durbar*, wanda muka mayar "daba", baƙo ne: daga Farisanci ya fito, inda *darbar* ke nufin fadar sarki, Turawan mulkin mallaka suka ɗauko shi a Indiya. A can sun shirya manyan taruka uku a Delhi, a 1877 da 1903 da 1911, inda aka jera sarakunan Indiya da giwayensu su yi mubaya'a ga sarautar Ingila. Na 1877, wanda aka yi don shelar Sarauniya Victoria a matsayin mai mulkin Indiya, ya zo ne ana tsakiyar yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a ƙasar. Wannan salo suka kawo Arewa suka ɗora a kan al'adar hawa da suka tarar, aka yi wa Yariman Wales hawan daba a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Bayan mulkin kai ma an ci gaba, kamar wanda aka yi a Kaduna lokacin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Ba ƙarya baƙon ya yi ba. Dawaki cikin ado, 'yan lifidi da 'yan sulke, dogarai da jajayen riguna, kakaki da algaita da tambari, ƙarar bindigogi, laima tana juyawa a kan sarki, wa zai ce wannan bai kama ido ba? Amma kalmar tana zaunar da mai faɗinta a rumfar 'yan kallo, kuma daga can rabin abin kawai ake hangowa. Bakano ya san jerin hakimai ba a yi shi da ka ba, kowa da gurbinsa gwargwadon sarautarsa. Ya san a hawan Daushe sarki kan biya Babban Ɗaki ya gaida mahaifiyarsa kafin ya dawo Ƙofar Kudu. Ya san jahi, inda mahaya ke sako dawaki a guje su ja linzami a gaban sarki su jinjina, caffa ce ake sabuntawa, kuma wanda bai zo ba an lura. Ya san hawan Nasarawa, da sarki ke zuwa gidan gwamnati, yana ɗauke da tarihin zaman sarauta da masu mulki tun zamanin Razdan. Mai kallo daga waje yana ganin launi da ƙura, na ciki yana karanta wa ke gaba da wa, wa aka ɗaga, wa aka yi fushi da shi. Saboda haka in ɗan gida zai rubuta wa duniya labarin hawa da Turanci, ba laifi ya ce *spectacular*, amma in ya tsaya a nan ya yi rubutun baƙo.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci su kula da wani tarko. A Faransanci *spectacle* kalma ce ta yau da kullum: wasan mawaƙi, wasan kwaikwayo, wasan barkwanci, duk *spectacle* ne, ko da mutum talatin ne a zauren. Tabarau kuwa *lunettes* ne, ba ruwansa da ita. Wanda ya ɗauko wannan ya kai Turanci ya ce zai je *spectacle* da daddare, za a gane shi da ƙyar, domin *show* ko *concert* ake cewa. Turanci ya ajiye tasa kalmar ga abin da ya wuce misali, ko a girma ko a abin kunya.

Akwai kuma kishiyarta, *unspectacular*, wadda mai koyo zai ɗauka zagi ce, alhali sau da yawa yabo ne a fakaice. In aka ce ma'aikaci ko ɗan wasa *solid but unspectacular* ne, ana nufin yana yin aikinsa daidai, ba ya jan ido, kuma ana iya dogara da shi. Misalin da 'yan ƙwallo suka fi kawowa shi ne Claude Makélélé. A Real Madrid ta farkon shekarun 2000, inda ake tara taurari irin su Zidane da Figo da Ronaldo na Brazil, shi aikinsa tare hanya ne a gaban masu tsaron baya, ya ƙwace ƙwallo ya miƙa wa na kusa da shi. Da ya nemi ƙarin albashi a 2003, shugaban ƙungiyar Florentino Pérez bai ga dalili ba, aka sayar da shi ga Chelsea a bazarar da aka sayo David Beckham. Real Madrid, wadda ta ɗauki kofin La Liga a shekarar, ba ta sake ɗaukarsa ba sai 2007. Chelsea kuwa ta ci gasar Ingila a 2005, karo na farko cikin shekara 50, ta sake ci a 2006, kuma har yau a Ingila gurbin da ya riƙe a fili da sunansa ake kiransa.